Sunan 'Yar Fari a Lasifika

Ni ba mai yawo ba ce. Duk shekarun da na yi a Dubai, wuraren da ƙafata ta sani kaɗan ne: filat ɗinmu a Abu Hail, kantin Ba'indiyen da ke ƙasan bene, asibitin yara, sai gidan maƙwabciyata 'yar Maraɗi wadda ƙofarta ke kallon tawa. Masu zuwa sari daga Kano, da ba sa daɗewa suke juyawa, sun fi ni sanin garin. Amma baki kam Allah ya ba ni. Maigidan aikin kago yake yi, tura wa 'yan kasuwa kayansu gida, yakan ce ya wuni cikin hayaniyar kwantena, ya dawo ya tarar da tawa. Boko ban yi nisa ba, firamare ce, ita ma ban ƙarasa ba, sai Islamiyya. Abin da na samu kunne ne. In mutum ya yi magana a gabana sau ɗaya, zan maimaita masa ita da muryarsa, har da inda ya tsaya ya yi tari.

Duk wannan surutun nawa, akwai kalma ɗaya da ba ta taɓa fita daga bakina ba, sunan 'yata ta fari. A gidanmu haka muka taso, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta jan sa a jiki a gaban mutane. Tawa kuma kunyar biyu ce, domin sunan surukata aka saka mata. Ana yaye ta kakar ta ɗauke ta, a can ta girma. Da muka taho Dubai aka bar ta a Kano. A gidan kakar ta ji ƙannen babanta suna ce mini Anti, ita ma ta kama, har yau Anti take ce mini. Babanta yana ce mata Uwata. Ni kuwa sai dai "ke", ko "waccan", ko "'yar makaranta".

A shekarar 2016 ta gama sakandare, babanta ya yi mata biza ta zo ta yi karatu a nan. Ban faɗa wa kowa ba, amma ranar da ta shigo da akwatinta na ji kamar an sauke mini wani kaya da na manta ina ɗauke da shi. Na ce a raina, to, yanzu dai tukunya ɗaya za mu ci, kome ya wuce.

Makarantar da ta zaɓa wata iri ce. Ba a zaunar da yaro a kan sana'a ɗaya. Yau tarihi, gobe lissafi, jibi su zauna su yi ta musu a kan mene ne adalci, amma abin da ya fi cin ranta darasin adabi ne, karatun littattafan labarai da waƙoƙi. Babanta ya so ta karanta harhaɗa magunguna.

"Uwata, wai in kin gama me za a kira ki? Likita ko lauya?"

"Baba, mai tunani za a kira ni."

"Tunani? Ga Antinki nan kyauta take yi, da ƙarfi ma, duk bene yana ji."

Tun daga nan littattafai suka shigo mini kicin. Tana zaune a bakin ƙofa da wani mai kauri kamar bulo, ina soya albasa, sai ta ɗago ta ce, "Anti, wallahi ke ce tsohuwar cikin littafin nan." In tambaya wace tsohuwa, ta ce wata ce a ƙasar masu ƙanƙara, ita ma ba ta fita, kuma ta san abin da ake dafawa a kowane gida. Na ce ai ba sai an je jami'a ba, hanci ne. Ranar da Balaraben da ke ƙasanmu ya hau bene ya yi ta faɗa saboda na daka yaji a turmi, ni raina a ɓace, ita kuwa daɗi ya cika ta, wai wannan shi ne ainihin abin da suka tattauna a aji, baƙo da kayan gidansu a garin wasu. Mutum ya zazzage ni da Larabci, ita tana ganin darasi.

Malamarsu, wata Balarabiya, ta gaya musu wai adabi ba a kan kanta kaɗai yake ba, yana cikin maganar da ake yi a kicin da bakin ƙofa. Wannan magana ita ta hana ni sakat. In na kwaikwayi maƙwabciyata tana ciniki da mai kifi a waya, Hausar Maraɗi da Faransanci da Larabci duk a numfashi ɗaya, sai in ji, "Anti, don Allah sake faɗa." Na waiwaya in ga tana danna waya tana rubutawa. Na ce, "Ke, ni ba rediyo ba ce." Amma gaskiya ina jin daɗi. Yarinyar da ban goya da yawa ba, ga ta tana bin bakina da kunne. Ta wannan hanyar muka fara sabawa.

Abu ɗaya ke tsakaninmu, maganar hostel. Makarantar tana can bayan gari inda gine-gine suka ƙare yashi ya fara. Sai ta hau metro, jirgin ƙasan cikin gari, ta sauka, ta jira bas. A shekararta ta biyu ta ce ana ba da ɗaki a can. Babanta ya ce ta tambaye ni. Ni kuwa ba zan iya cewa "zauna, ina son ganinki" ba. Na ce, "Wa zai riƙa duba wa ƙannenki aikin makaranta?" Ta bar maganar. Na san ba ta mutu ba, ajiye ta aka yi.

A cikin wannan shekarar ne ta shigo wata rana da murna ta ce an sa su rubuta wani abu na gidansu wanda ba wanda ya san shi kamar su, kuma an zaɓi nata, za ta karanta a gaban taro ranar Alhamis bayan la'asar. An ce iyaye su zo.

"A kan me kika rubuta?"

"A kanki, Anti."

"Me na yi?"

"Ki zo ki ji."

Ni a zatona girki ne. Ko dambun naman da nake yi mata ta tafi da shi, ko rigimar turmi. Har unguwar Satwa na sa maigidan ya kai ni wajen tela aka rage mini hannun wata leshi. Ranar ta zo, shi kuma aka ce ana lodi ba zai samu zuwa ba. Sai na ja maƙwabciyata muka hau tasi. Ita ba ta jin Turanci ko kaɗan, amma ta ce ba za a yi taron ɗiya ba tare da mai guɗa ba.

Ɗakin taron sanyi kamar cikin firij. Iyaye iri-iri, Indiyawa, Larabawa, 'yan Filifin, Turawa. Wani yaro ya karanta nasa a kan kakansa mai kamun kifi, aka tafa. Wata ta karanta waƙa, aka tafa. Sai aka kira ta. Ta hau da baƙar abaya da gyalen da na goge mata da safe, ta tsaya ta gyara takarda.

Turancina na asibiti ne da na kanti. Amma na san kalmar uwa, na san kalmar suna, na san yadda suke cewa "ba ta taɓa ba". Waɗannan ukun suka yi ta dawowa kusa da juna. Sai kuma na ji Hausa tsagwaronta a tsakiyar Turancin: "ke", "waccan", "'yar makaranta". Da muryata ta faɗe su, har da yadda nake jan "ke" ɗin in ina cikin aiki. Mutane suka fara waiwayowa. Ba wuya a gane ni, mu biyu ne kaɗai masu ɗaurin ɗankwali a wurin. Wata Ba'indiya da ke gefena ta kalle ni, ta kalli ƙasa, ta ja jakarta ta ɗora a cinya. Ta gabanmu tana share ido da tishu.

Maƙwabciyata ta zungure ni. "Kin gani? Ɗiyarki ta sa su kuka. Bon, wannan ita ce gwana."

Na ce, "Yi shiru."

Tana gamawa aka miƙe ana tafi, maƙwabciyata kuwa ta toshe hanci ta rangaɗa guɗa har sau uku, duk ɗakin ya amsa. Ni na rasa inda zan sa fuskata.

Da a nan aka tsaya da na haɗiye. Sai ga malamar ta sauko da lasifika a hannu, idonta jajir, ta nufo ni. Mace ce mai kirki, ban musa ba. Ta kama hannuna biyu, ta yi mini magana da Larabci a hankali yadda zan gane. Ta ce 'yata ta yi jarumta. Ta ce yau rana ce mai kyau da za a gyara abin da ya ɓaci. Ta ce, "Yalla, habibti, maza 'yar'uwa, kira sunanta. Sau ɗaya kawai, kowa ya ji." Ta kawo lasifikar bakina.

Duk ido ya dawo kaina. Wayoyi suka tashi sama ana ɗauka. Na hango 'yar makaranta a kan dandamali, takarda a hannu, ba ita ta shirya wannan ba, na gani a fuskarta. Amma kuma na ga tana jira. Wannan jiran shi ya fi komai yi mini ciwo.

Na karɓi lasifikar na ce, "Salamu alaikum. Allah ya yi wa yaran nan albarka baki ɗaya." Na miƙa mata abarta.

Ta sake matsowa. "Sunanta kawai."

Na ce, "La. Khalas." Wato a'a, shi ke nan.

Wani ya yi tari. Aka kira na gaba. Da aka tashi ana shan shayi, ba wanda ya zo kusa da mu sai wani dattijo ɗan Sudan da ya yi mini sallama ya wuce. 'Yar makaranta kuma ta turo saƙo wai mu tafi, za ta taho a bas.

A cikin tasi na fassara wa maƙwabciyata abin da ta yi wa guɗa. Ta dafe ƙirji. "Mi? Ni na yi wa wannan guɗa? Don mi ba ki take mini ƙafa ba?" Can kuma ta ce, "Amma ke ma, da kin faɗa ɗin mi zai faru? Yaran yanzu a Maraɗi suna kiran ɗan fari har da ɗaga shi sama a hoto." Na ce na sani. A Kano ma haka ne yanzu. Ƙanwata ta ƙarshe tana kiran nata tun daga ƙofar gida. Ni dai ba a haka aka gina ni ba.

Washegari Juma'a, bayan an sauko daga masallaci muna cin abinci, ta ce wa babanta, ba tare da ta kalle ni ba, tana son ɗakin nan na hostel in an koma sabon zango. Ya kalle ni. Na ci gaba da zuba wa ƙannenta miya. Uwa ba ta jayayya a kan 'yar fari a gaban uba, sai a ce ta nuna so. Ya ce, "To, Uwata, bari mu gani."

Da muka keɓe ya ce, "Wai ke me zai ci ki? Nan fa Dubai ne. Ki kira sunan a huta."

"Sunan mahaifiyarka zan kama a bakina gatsal?"

Ya sosa ƙeya. "To ki ce Uwata, kamar yadda nake cewa."

"Kai uwarka ce. Ni surukata ce."

"Ikon Allah. Mace mai maganar da ta ishi bene guda, kalma ɗaya ta gagare ta."

Kada a ce ban gwada ba. Na gwada. Na rufe ƙofar kicin, ni kaɗai da tukunya, na buɗe baki. Harafin farko ya zo har bakin haƙori ya tsaya, sai na ga kamar tsohuwar tana zaune a kan tabarmarta tana kallona. Ko a addu'a "yarinyar nan" nake cewa, Allah ya san wadda nake nufi.

Kwanakin da suka biyo baya gidan ya yi mini ƙunci. Tana gaishe ni yadda ya kamata, tana wanke kwanuka, amma ta daina zama a bakin ƙofar kicin. Na kwaikwayi Ba'indiyen kanti yana rantsuwa a kan tumatirinsa na yau ne, ƙannenta suka yi ta dariya, ita ko ɗagowa ba ta yi ba. Haushi kuwa ya cika ni fal. Haushin malama, wadda ta ji shafi biyu ta ɗauka ta san gidana. Haushin masu share hawaye, da suka samu muguwar uwa daga Afirka suka tafi da ita gida a waya. Haushin ita kanta, da ta ɗauki abin da ke tsakanina da ita ta kai gaban waɗanda ba su san ko rariya ba. Sannan abin da ya fi ƙona ni, ba ni da hanyar kare kaina. In na ce mata ina sonta, na karya abin da nake tsarewa. In na yi shiru, na tabbatar da takardarta, ta ɗauki akwati ta sake barin gidana.

Wata Asabar da hantsi, babanta ya fita da ƙannen, na juye zogalen da aka aiko mana daga Kano a faranti ina cire tsinke. Ta zo wucewa na ce, "Ke, zo ki taya ni. Ki taho da takardar nan taki. Turawa sun ji, Indiyawa sun ji, ni da aka yi a kaina guntu-guntu na tsinta. Karanta mini da Hausa."

Ta je ta ɗauko, ta zauna a ƙasa. Ta fara juya ta layi-layi.

Na kasa kunne ina neman ƙarya ɗaya in kama, ban samu ba. Ta rubuta yadda nake zuwa Kano hutu in gaida kowa a gidan kakarta, har mai wanki, sannan in kalle ta in ce, "Ke, kin yi tsawo." Haka na ce. Ta rubuta yadda nake ɗaukar ƙannenta a cinya ina kiransu da sunaye har da na wasa. Haka nake yi. Ta rubuta ranar da sakamakonta na shekarar farko ya fito, ta kawo mini da gudu, na ce "to, madalla", na juya na buɗe famfo. Haka aka yi. Kuma ba ta ɓoye ba, ta rubuta musu cewa al'ada ce, ta bayyana kunyar ɗan fari dalla-dalla. Ta rufe da cewa ta san dalili tun tana ƙarama, amma dalili bai taɓa kiranta daga ɗaki ba.

Ta ajiye takardar. "Akwai inda na yi ƙarya, Anti?"

"Babu."

"Ni ban ce ta kawo miki lasifika ba. Wallahi ban sani ba."

"Na sani."

"To me ya sa kike fushi?"

"Wa ya ce miki fushi nake? Cire tsinken nan da kyau, kina barin manya."

Muka ci gaba da cire tsinke, ba ka jin komai sai ƙarar esi da ganye a faranti. Maganar tana nan a raina, ba hanyar fita. Sai na tuna da kakata. In tana son ta gaya wa surukarta abin da ba ya faɗuwa, ba ta cewa ni ko ke, sai ta ɗauko labarin wata mata can a wani ƙauye, kowa ya san da wa ake, ba wanda ya ji kunya.

Na ce, "Ku da kuke son labari a makarantarku, bari in ba ki na wata mata da muka yi unguwa ɗaya da ita a Kano."

Ba ta ɗago ba.

"Matar nan ta haifi 'yar fari tana yarinya ɗanya. Da aka yaye, uwar miji ta ɗauke, gidan yana can bayan masallaci. Ba ta isa ta ce za ta je ganin 'ya ba, sai a yi mata dariya. Sai ta riƙa zuwa aron rariya. Tana da rariya har biyu a ɗakinta. Yau aro, gobe mayarwa, jibi aro. Har ƙannen mijin suka gane, in sun hango ta sai su ce, ga mai rariya nan. Takan tsaya a tsakar gida tana gaida tsohuwa, idonta a ƙasa, amma duk inda yarinyar ta taka ta sani."

Hannunta ya tsaya a cikin zogalen.

"Da ƙyanda ta kama yarinyar, ba ta shiga ta zauna a kanta ba, kakar ce ke jinya. Sai ta shiga gidan maƙwabta da suka haɗa katanga, ta ce ta zo taya su surfe. Ta wuni a jikin katangar nan tana sauraron tari. Ta tarin take gane ko an samu sauƙi. Hatsin mutane kuwa ta surfa har ya kusa zama gari."

"Anti..."

"Ba a katse mai labari. Daga baya mijin ya ɗauke ta suka tafi wata ƙasa mai nisa. In ta kira surukarta a waya, sai ta yi ta jan gaisuwa. Ina kwana, ina gajiya, yaya ƙafa, yaya awaki, akuyar nan mai baƙin kunne ta haihu? Tsohuwa har ta gaji. Ita kuwa ba awaki ne a gabanta ba. Can bayan muryar tsohuwar take saurare, ko za ta ji yarinyar tana karatun allo ko tana faɗa da wani. In ta ji, sai ta yi sallama. Duk sallah takan sa ƙanwar mijin ta auna ƙafar yarinyar da zare a ɓoye, a aiko mata zaren a cikin kayan wani ɗan kasuwa, ta sayi takalmi daidai, a ce baba ne ya aiko."

Ta ce a hankali, "Har da wani ja mai igiya?"

"Ina na sani? Ni ba a gidansu nake ba. An dai ce akwai ja."

Ta sa bayan hannu ta goge hanci. Ni ma zogalen ya fara yi mini hazo-hazo, na ce wannan ganye ƙura gare shi.

Can ta ce, "Matar nan, in 'yarta ta kawo mata sakamako, me ya sa take buɗe famfo?"

"An ce famfon gidansu ƙara gare shi. In yana zuba ba a jin abin da mutum yake yi."

Ta yi dariya da kuka a haɗe, irin mai fita ta hanci. Sai na ga hannunta ya nufi waya. Na buge shi da murfin roba.

"Kul. Wannan ba na makaranta ba ne."

"Anti, layi biyu kawai. Malama za ta..."

"Malama ta samu nata. Wannan matar ba ta son lasifika."

Ta janye hannun. Muka ci gaba da tsince ganye. Har mun kusa gamawa sannan ta ce, tana kallon faranti, "To a ganinki, matar nan za ta so 'yarta ta koma hostel?"

Na ce, "Ba za ta hana ba, ba ta da bakin hanawa. Na dai ji an ce in yarinyar ba ta gida, ko gishirin miya ba ta iya daidaitawa."

Da aka koma sabon zango na zuba ido in ga akwati, ban gani ba. Ta ci gaba da hawa metro da bas ɗinta, tana dawowa a gajiye tana mita, tana zama a bakin ƙofar kicin da bulon littafinta. Babanta ya tambaye ni me na yi mata, na ce zogale muka gyara.

A makarantar kuwa ban wanku ba. Takardar nan har a mujallar ɗalibai aka buga ta. Duk sanda malamar ta aiko gaisuwa, sai ta haɗa da cewa tana yi mana fatan waraka, kamar masu ciwo. Lokacin korona da aka koma karatu ta kwamfuta, na taɓa giftawa ta bayan yarinyar da kwando, malamar ta hango ni ta dafa ƙirji ta langaɓar da kai. Na ce a raina, baiwar Allah, da kin san yawan rariyar da na ara. Har yau in na tuna ɗakin nan mai sanyi da wayoyin da aka ɗaga, raina yana ɓaci. Suna karanta littattafan duniya don su fahimci mutane, ga mutum a gabansu da ɗankwali, suka karanta rabinsa suka tafa.

Ita kuma 'yar makaranta, ashe ƙofa na buɗe mata. Tun daga ranar ba ta sake roƙona komai kai tsaye ba. Sai ta jingina da firij ta ce, "Anti, matar nan ta unguwarku, za ta bar 'yarta ta je baje kolin littattafai a garin Sharja da ƙawayenta?" Ko kuma, "Matar nan, in 'yarta ta ce za ta ƙara digiri na biyu kafin maganar aure, za ta taya ta shawo kan baban?" Ni da bakina na ce matar nan mai tausayi ce, yanzu ba dama in mayar da ita mai tsanani. Na sha cewa, "Matar nan ta ƙaura, ban san inda take ba." Sai ta ce, "A'a, Anti, jiya ma na ji muryarta tana faɗa da mai kanti."